Harsashi na Biyu

Cikin shekarun da na yi ina aikin manzanci, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da na fara harba ƙaramar bindigar nan da ku yaran yanzu kuke kira libarba. Da kaka ne, an fara yankan dawa, 'yan shekaru kafin zuwan Nasara. Ubangidana basarake ne a ƙasar Malumfashi, ni ke kai masa takarda Bakori da Maska.

Ga yadda aikin yake. Manzo shi kaɗai yake tafiya, kuma ba ya rataya makami a fili, don in masu gadin ƙofa suka gan ka da bindiga sai su ce yaƙi ka kawo. To dajin kuwa ba ya rasa abin tsoro. Shi ya sa da wani Balarabe ya kawo wa maigida wannan 'yar bindiga daga Kano, aka ce ni zan riƙa soke ta a ɗamara ƙarƙashin riga. Ba ta da nauyi ko kaɗan, har mantawa nake tana jikina.

Sarkin Bindiga ne ya damƙa mini ita. Na roƙe shi in gwada ko sau ɗaya, ya ce harsashi shida ne kacal, babu irinsu a ƙasar nan, ba na wasa ba ne. Shi ma bai taɓa harba ta ba, amma ina zai yarda ya faɗa? Sai ya koya mini yadda muke yi da adaka, doguwar bindigarmu ta ɗuri: ka miƙe hannu, ka sassauta riƙo kada ta karya maka wuyan hannu, ka kawar da fuska saboda tartsatsi.

Lokacin ba ni da mata, ba ni da ɗa. Abokiyar hirata ɗaya ce, goɗiyata Kili. Shekara tara muna bin hanyar nan tare, ni ina surutu, ita tana kaɗa kunne.

Da hantsi muka sauka wani rafi kafin Bakori, na sake ta tana shan ruwa. Ban ankara ba garken kyarkeci ya fito daga ciyawa, ɗaya ya cafke mata ƙafar baya. Na zaro bindiga, na auna shi, na yi daidai yadda aka koya mini. Wallahi sai da ta kusa tashi daga hannuna, bakinta ya yi sama. Kyarkecin suka watse don ƙara. Da na juyo da fuskata sai na ga Kili ta durƙusa, jini yana zuba daga cikinta.

Na zauna kusa da ita har azahar. Ba wanda ya wuce, ko mai kiwo. Tana numfashi da ƙyar, tana kallona. Na san ba za ta tashi ba, kuma in na tafi kyarkeci za su dawo su ci ta da ranta. Na kama bindigar da hannu biyu, na matse ta iya ƙarfina, na ƙame wuyan hannu. Wannan karon ban kawar da fuska ba. Ko gezau ba ta yi a hannuna ba, harsashin ya tafi inda na nufa.

Na ɗora sirdi a ka, na kai takarda Bakori da ƙafa, na dawo da ƙafa.

Da na isa gida Sarkin Bindiga ya buɗe bindigar ya duba, ya ce, "Biyu? Me ka harba har sau biyu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na farko naka ne, na biyu nawa."

Bai tambayi labarin goɗiyar ba. Washegari aka ba ni wani doki, ban taɓa sa masa suna ba.

Don haka ku ji ni da kyau. Bindiga mara nauyi ta fi shuri, sai an damƙe ta gam, ido a buɗe. Kuma a aikin nan babba zai gwammace ya koya maka abin da bai sani ba da ya ce bai sani ba. Ranar da koyarwarsa za ta ci ka, yana gida a inuwa, kai kaɗai ne a bakin rafi.