Tela a Kan Tsani

Yayata tela ce, shekara talatin da ɗoriya tana kan keken ɗinki, kuma ban taɓa jin ta ce "ban iya ba". Abin da take cewa shi ne "ban gwada ba tukuna". Ita ke kwance kekenta ta sa masa mai ta mayar, ita ke canza kan famfo in ya fara ɗiga. Ni ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya, amma ko ƙusa zan buga sai na nemo mai guduma. Na daɗe da sara mata, sai dai ba na faɗa a gabanta, kada kanta ya ƙara girma.

Mijinta direban babbar mota ne, mutum mai surutu kamar rediyo, har ranar da hawan jini ya kayar da shi a bakin gareji. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya yi wata guda a asibiti, likita ya ce harshen zai dawo in yana motsa shi, amma bawan Allah ya ja bakinsa ya tsuke. Kunyar yadda magana ke fita a karkace ta hana shi ko amsa sallama. Wannan shirun ne ke cin ran Yaya, ba wahalar jinya ba.

Da aka ce za a sallame shi nan da kwana tara, sai ta ce a falo za a sa gadonsa, kusa da taga da banɗaki. Falon kuwa rabonsa da fenti tun 'yarsu ta fari tana rarrafe. Ta kira mai fenti a waya, ya ce zai zo gobe.

"Ni za ka ce wa gobe?" in ji ta. "Tela ce ni, ɗan nan. Na san tsawon goben mai sana'a."

Ta ajiye waya ta zaro tef ɗin awo daga wuyanta. Ta auna bango yadda take auna yadi, tsawo da faɗi, ta cire ƙofa da taga daga lissafin, ta ƙara ɗan rara. Ta je shagon fenti da ƙyallen atamfa mai ruwan sararin sama, ta ce irin wannan take so. Ta tsare mai shagon da tambayoyi har sai da ya miƙo mata kujera. Ta dawo da bokiti biyu na fentin ruwa, da rolar shafa fenti, da burushi, da samfefa.

Ni na ɗauka buɗe bokiti za a yi a hau shafawa. Ina! Yini biyu cur ba ta taɓa fenti ba. Muka tura kujeru tsakiya, ta lulluɓe su da tsofaffin zannuwa, ta shimfiɗa jaridu a ƙasa. Ta wanke bangon da ruwan sabulu, ta cike ramukan ƙusa, ta goge da samfefa tana bi da tafin hannu, ta manna salatif a gefen ƙofa da makunnin wuta.

"Yaya, yaushe za a fara aikin?" na tambaye ta.

"Ke, wanda ya iya yanka ya gama ɗinki. Riƙe mini tsani ki daina ba ni shawara."

Shafin farko ya fito dabbare-dabbare, gabana ya faɗi. Ita ko a jikinta. Ta bar shi ya bushe, ta yi na biyu daga sama zuwa ƙasa, gefunan kuma ta bi su da burushi, layi miƙe sak. Falo ya yi fes, har na fara shirin cewa tare muka yi.

Aka kafa gado. To, Yaya ba ta taɓa miƙa riga ba a gwada ba, don haka ta cire takalmi ta hau gadon ta kwanta rigingine, yadda shi zai kwanta. Na ga fuskarta ta canza.

"Zo ki kwanta nan," in ji ta.

Na kwanta. Bangon da muke ta yabo ko rabinsa ba a gani. Abin da ke gaban ido silin ne, ya yi baƙi kewaye da fanka, ga wani ƙaton tabon tsohon yoyo daidai saitin filo.

"Kin gani? Na ɗinka wa 'yan dubiya, na manta da mai rigar."

Saura kwana biyar. Ta sayo farin fenti, ta ɗaura rola a sandar tsintsiya, ta yini kai a ɗage. Da safe tabon ya sake hudowa ta cikin sabon fentin. Ta kira mai shago, ya ce sai an fara rufe shi da fentin mai, a bar shi ya bushe, sannan a bi da na ruwa. Haka ta yi. Wuyanta ya ƙage, ɗankwalinta ya yi ɗigo-ɗigo, amma ba ta ce wash ba. Kwana biyun ƙarshe ta bar tagogi a buɗe da fanka a kunne don warin ya fita.

Ranar da aka kawo shi, muka kwantar da shi, kowa na ta sannu, shi ko shiru. Ya ƙura wa sama ido ya daɗe. Can sai ya ɗaga hannun hagu ya nuna wata kusurwa. Yaya ta san abin da yake nufi sarai, amma ta ƙi dubawa.

"Ban gane ba, Maigida. Faɗa mini."

Ya yi ta kokawa da harshensa. Maganar ta fito a karkace, amma ta fito.

"Kin... bar... wuri."

Gaskiyarsa, akwai ɗan wuri kamar tafin hannu da rola ba ta kai ba. Ni kuka ya ƙwace mini. Yaya ta zauna a bakin gadon, ta goge ido da bayan hannu mai sauran fenti a farce.

"Na bari," ta ce. "Ina kuma ka gani? Ci gaba, ina jin ka."