Wata Huɗun da Baba Ya Sa Na Jira

Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan ƙaramar sallar shekarar 2012, tun hantsi ake tsuga ruwa a Rafin Guza, ni kuwa ina tsugune a barandar gidanmu na kafa wa wayar Gwaggo Zulai ido kamar zan haɗiye ta. Gwaggo Zulai ƙanwar Baba ce, tana karatu a babbar makaranta, kuma duk gidan ita kaɗai ke da wayar da ke shiga yanar gizo. Kwana uku na yi ina mata wanki da shara kafin ta yarda ta buɗe mini shafi a dandalin sada zumunta. Ta rubuta sunana, ta rubuta garinmu, ta tambayi ranar haihuwata na faɗa mata yadda take a takardar asibiti, wato ƙarshen watan Disamba na 1999. Tana dannawa wayar ta ƙi. Ta sake gwadawa, ta sake ƙi. Sai ta taɓe baki ta ce, "Azumi, sun ce ke yarinya ce, sai kin cika sha uku." Na ji kamar an watsa mini ruwan da ke sauka daga indararo.

Ba son waya ne ya kai ni ba, Rifkatu ce. Gidanmu na haya ne mai ɗakuna shida, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya, kuma tun ban san kaina ba iyayen Rifkatu ke zaune a ɗakunan da ke kallon namu. Mutanen kudancin Kaduna ne, babanta malamin firamare, mamanta mai ɗinki. Tare muke jan ruwa da asuba, tare muke kai markaɗe, tare muke shan duka in mun tsaya 'yar gala-gala a hanya har ƙullu ya yi tsami. Da damina mu biyu ake turawa korar awaki daga 'yar gonar masarar da ke bayan gida, mu zauna a kan dutse muna carafke, awakin na ta ɓarna a bayanmu. In na tafi Islamiyya da yamma ita ta tafi koyon waƙa a coci, wadda ta riga dawowa ta zauna a bakin ƙofa tana jiran 'yar'uwarta. A makaranta benci ɗaya muke zama, ita ta yi mini lissafi, ni in yi mata faɗa da duk wanda ya taɓa ta, don tun ina ƙarama bakina ba ya mutuwa.

Wannan shekarar ba ta yi wa garin daɗi ba, kowa zaman ɗar-ɗar yake yi. Ana saura kwana kaɗan a fara azumi mota ta zo ta kwashe kayansu, suka koma tsallaken kogi kusa da danginsu. Inna da Maman Rifkatu suka rungume juna suna kuka a tsakar gida. Rifkatu ta cusa mini wata takarda a hannu, ta ce wani ɗan'uwansu ya buɗe mata shafi, ga sunan da zan nema, kullum za ta riƙa dubawa. Baba yana da lambar babanta, amma wayar maza ba a yi ta don hirar yara ba. Su gaisa, su tambayi iyali, a kashe. Ni kuwa kullum in na kwanta sai in riƙa ganin Rifkatu tana dubawa ba ta ga saƙona ba, har ta gaji ta ce na manta da ita, ta yi sabuwar ƙawa. Wannan tsoron ne ya hana ni sukuni duk watan azumi.

Gwaggo Zulai ta ce abin ba wuya, a mayar da shekarar baya, kowa haka yake yi. Har ta fara gogewa sai ga Baba ya shigo. Kafinta ne, rumfarsa tana ƙofar gida, ruwa ne ya koro shi, ga fensir a bayan kunne, ga garin katako a gemu. Ya tambayi abin da ake yi, Gwaggo ta faɗa masa tana dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya ce ba za a rubuta wa 'yarsa shekarun ƙarya a gidansa ba, waɗanda suka sa wannan iyaka sun san abin da suka gani a ciki. Nan na miƙe da hujjata, don na ɗauka na kama shi. A watan azumi aka haife ni, shi ya sa ake ce mini Azumi, kuma Inna ba ta taɓa ƙirga shekarunmu da kalandar bango ba, da wata take ƙirgawa. Na ƙwala mata kira ta fito daga madafi da muciya a hannu, ta lissafa da yatsu ta ce, "Sha biyar ga azumi aka haife ta, ana shirin shan ruwa. Wannan da muka sauke ta cika sha uku cif." Gaskiya ta faɗa, shekarar wata ta fi ta boko gajarta, kwanakin sun taru har sun ba ni wata huɗu kyauta. Baba ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Lissafinki daidai ne. Amma in mai gida ya ba ni awon ƙofa da tef, ba na zuwa in auna masa da kamu. Da kalandar boko suka tambaya, da ita za a ba su amsa." Ya ɗauki zartonsa ya fice.

Wallahi na ji haushin Baba, ba zan ɓoye ba. Sati biyu ina kumbure-kumbure. In na kai masa abinci rumfa sai in dire kwanon in juya, gaisuwa ma a taƙaice nake yi. Na fasa tulu a bakin rijiya, na ce santsi ne. Aka koma makaranta na tarar an zaunar da wata a gefen bencina, yarinyar ba ta yi mini komai ba amma na tsane ta. 'Yan ajinmu kuwa da yawa sun buɗe shafi a wayoyin yayyensu, wata ta ce ita a can shekararta ashirin, suna ta shewa. Inna ce kawai ke lura da ni. Wata rana tana tsince shinkafa ta ce wa Baba, a gabana, "Yarinyar nan ba waya take wa kuka ba." Ya ci gaba da alwala.

Asabar ta gaba da safe ya ce in sa hijabina mai kyau in fito. Inna ta miƙo mini ƙullin kuka da daddawa da kwanon dambu ɗaure a tsumma. Baba ya goya ni a mashin ɗinsa. Sai da na ga mun wuce Unguwar Sarki mun miƙe titi sannan na gane inda mashin ɗin ya dosa. A lokacin mutanen unguwarmu ba sa tsallake gada sai da dalili mai ƙarfi, na kuma san Baba ya rufe rumfa a ranar da ya fi samun aiki. A kan gada na leƙa na ga kogin ya cika ya yi ja, na ƙanƙame rigarsa. Sau uku yana tsayawa tambaya kafin muka sami gidan. Rifkatu na wanke-wanke a ƙofa. Ta saki kwano ta rugo da kumfa a hannu, muka faɗi ƙasa tare, mamanta na cewa, "Ku tashi, 'yan banza, za ku ɓata wa Azumi hijabi."

A ɗaki na fara ba ta haƙuri kan saƙon da ban aika ba, sai ta kalli ƙofa ta rage murya. Ashe shafin nata bai yi sati uku ba. Ɗan'uwan nasu ya rubuta mata shekara sha tara, sai wani ƙaton mutum da ba ta sani ba ya dame ta da saƙonni, yana tambayar hotonta da unguwarsu. Ta tsorata ta nuna wa mamanta, aka rufe shafin a ranar. Ita ma tun daga nan take kwana da tunanin na aiko saƙo na ji shiru, na yi fushi. Da Gwaggo ta canza mini shekara, da na yi ta rubutu ba amsa, kuma na san halina, da na yanke cewa ta wulaƙanta ni, ba zan sake nemanta ba. Na leƙa waje na ga Baba da babanta a kan benci suna cin gyaɗa, Baba na girgiza ƙafar bencin yana cewa a kawo masa guduma.

Daga nan kusan kowane wata sai an kai ni, ko babanta ya kawo ta. Da Disamba ta yi na cika sha uku a lissafin kowa, Baba da kansa ya ce wa Gwaggo Zulai ta buɗe mini, yana tsaye, da sharaɗin a wayarta zan riƙa dubawa kuma ba zan karɓi wanda ban sani ba. Abin dariya, ban wani ɗoki ba, hankalina na kan shinkafar Kirsimeti da za mu je ci.

Yau ina koyarwa a ƙaramar sakandare, Rifkatu ma'aikaciyar jinya ce, kuma ni na riƙe mata jaka ranar aurenta. Ina jin ana muhawara a rediyo kan shekarun da ya kamata yaro ya kai kafin ya shiga waɗannan dandali, wasu na cewa a ƙara, wasu na cewa yara za su yi ƙarya ne kawai. Za su yi mana, ina ganinsu a ajina, 'yar sha ɗaya da wayar da ta fi tawa. Ni ina goyon bayan a sa iyaka, ina kuma gaya wa ɗalibaina haka ba tare da kunya ba. Sai dai in iyaye sun zo mini da ƙara, nakan tambaye su ko sun san wa yaron yake nema a ciki, don sau da yawa akwai wani da yake kewa. Gidajen haya irin namu sun ragu, kowa ya ja katanga ya sa ƙyaure, yara ba su da tsakar gidan da za su haɗu. Baba ya tsufa, idonsa ba ya barinsa hawa titi, ina kewar zama a bayansa ƙwarai. Duk da haka ban fid da rai da yaran nan ba, don kwanan baya wata uwa ta dawo ta ce mini ta karɓe wayar 'yarta, amma ta kai ta Kinkinau ta wuni wurin ƙawarta. Allah Ya sa kowane yaro da aka ce ya jira ya sami mai kai shi.