Kwale-kwale a Tekun Mai Fenti

Mu ba mu taɓa zama gindin murhu mun ji tatsuniya ba. A gidanmu na unguwar Soundview, can ƙasar Turawa, hawa na shida, abin da ya zame mana wuta shi ne wani tsohon ƙarfen ɗumama ɗaki da ke ƙarƙashin taga, wanda idan sanyi ya shigo yake ta ƙwanƙwasa kamar da maƙeri a cikinsa. A nan Iya, mahaifiyar Babanmu, take shimfiɗa bargo bayan Magariba, ta miƙe ƙafafu cikin safa biyu-biyu, ni da ƙanena Sanusi mu raɓe ta. Da hunturu, kafin ƙarfe biyar duhu ya rufa. Iya takan ce abu ɗaya ta yaba wa ƙasar nan, tunda ba a tatsuniya da rana, ga shi ranar tasu ba ta daɗewa.

Daga Wudil aka kawo ta lokacin haihuwar Sanusi, da sunan za ta yi wata shida ta kula da mai jego ta koma. Wata shida ya zama shekara huɗu. Baba yana yini a layin tasi na filin jirgin sama na JFK yana jiran fasinja, Mama kuma tana can wata unguwa tana jinyar tsohuwar wasu. Bizar Iya ta daɗe da ƙarewa. In ta tafi ba mai barin ta dawo, mu kuma ba mai riƙe mu. Kowa a gidan ya san haka, ba dai mai faɗa. Ba ta jin Turanci, tana tsoron lifta tun ranar da ta maƙale da ita, gwiwoyinta kuma sun yi hannun riga da matakala. Tagarmu an gitta mata ƙarafa saboda yara, kuma bangon wani gini take kallo. Sai Iya ta yi wata cur ƙafarta ba ta taka ƙasa ba.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wani dattijo ce, Mista Dragan, mutumin Sabiya, dogo mai farin gashin baki, wanda ko ina ya gitta sai ya bar warin fenti da taba. Iya ba ta wahalar da harshenta ba, ta raɗa masa Mai Fenti. Ɗakinsa cike yake da zane-zanen fentin mai, wasu sun fi ni shekaru: tsaunuka kore shar, itatuwa masu farin fure, kogi a ƙarƙashin gada, sai teku iri-iri. Duk ƙasarsu yake zanawa, da ka, don ya fi shekara ashirin rabonsa da ita. A lokacin ana yaƙi a can, kullum talabijin ɗinsa na kunne, kuma ya ce mini ƙasar da ke rubuce a fasfonsa ma ta tarwatse. Ran Asabar Baba kan kwashe shi da zanensa a tasi zuwa inda yake baje su a bakin titi, ba ya karɓar ko sisi. Shi ya sa wata rana ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da zane ɗaya a hammata, ya ce kyauta ce.

Teku ne, shuɗi mai duhu, da wani dutse a tsakiya, ruwa na dukansa yana kumfa. Iya ta sa aka jingina shi a kujera, ta ɗauko tabaranta, ta bi shi lungu-lungu kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ba mutum, ba tsuntsu, ba ko kifi.

"To, babu mai rai a ciki," in ji ta. "A rataya mini shi a ɗakina. Mala'iku ba su da ta cewa."

Ita a wurinta hoton mai rai ba ya zama ɗakin da ake salla, ko hoton makarantarmu a falo ta yarda ya tsaya. Wannan kuwa ya samu ƙusa a bangon da ke gefen gadonta. Sau da yawa na dawo makaranta na tarar da ita zaune da carbi tana kallonsa, kamar yadda tsofaffi ke zama ƙofar gida suna kallon masu wucewa.

Daga wannan zanen ne tatsuniyar Tasalla ta fito. Iya takan gyara murya ta ce, "Ga ta nan ta taho, ku matsa mata." Mu ce, "Ta shigo mu ji." Sai ta nuna dutsen da haɓa.

Wai Tasalla ungozoma ce a wani gari na bakin kogi. Ran nan Sarkin Ruwa ya aiko mata, matarsa na naƙuda, ta zo ta taimaka, kwana bakwai a mayar da ita. Aka ɗora ta a bayan kada har kan wancan dutse. Aka haihu lafiya, aka yi suna, Tasalla ta ɗaure ƙullinta, ta fito bakin ruwa, sai aka ce mata kada ya tafi aike. Gobe aka ce yana ciwon baya. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya hana ta abinci, tufafi ma har sun yi mata yawa. Hanya ce kawai babu. Kullum Iya da sabuwar dabarar da Tasalla za ta gwada. Ta roƙi shamuwa, shamuwa ta ce ba ta da izinin ɗaukar fasinja. Ta saƙa igiya da gashin kanta, igiya ta ƙare ruwa bai ƙare ba. Gizo ma ya zo ya karɓi awalajarta ya ce zai kawo jirgi, har yau ana jiransa. Mu kuwa dariya muke har da faɗuwa. Da an kira Isha a ƙaramar rediyonta sai ta tsaya, ba ta taɓa cewa ƙurunƙus ba.

"Iya, then what?" in ji Sanusi.

"Kai mai gidan, ka yi mini Hausa ko in ƙi yi maka tuwo. Saura sai Allah ya kai mu."

Wata Juma'a ta soya ƙosai, ta zuba a kwano ta rufe, ta kira ni. Ina da shekara tara a lokacin, ni ce bakinta ni ce kunnenta a duk ginin.

"Balki, kai wa Mai Fenti. Ki ce ina gaisuwa, ina yi masa jajen abin da ke faruwa a garinsu. Sannan ki ce masa ni 'yar bakin kogi ce, ban taɓa ganin ruwa mai yawa haka ba kwale-kwale ba. In ba zai zama ɗawainiya ba, ya ƙara mini guda ɗaya."

Na isar da saƙo. Ya karɓi ƙosan, sannan ya ce in kawo zanen. Kwana goma yana wurinsa, don fentin mai ba ya saurin bushewa, Iya kuwa kullum sai ta tambaye ni ko na ji motsinsa.

Ranar da ya dawo da shi ya sa riga mai tsabta, ya tsaya bakin ƙofa yana murmushi, ya juyo da zanen. Ga kwale-kwale nan ɗan siriri, ya bar dutsen a baya, ya doshi gaɓa. Amma bawan Allah ya ƙara da nasa alherin. A cikin jirgin ya zaunar da wata 'yar tsohuwa da farin mayafi mai shuɗin baki, irin wanda Iya ke yafawa sak. Ya nuna ta da yatsa, ya nuna Iya, ya ce, "Mama go home," wato Iya za ta gida.

Iya ta yi dariya har ta riƙe ƙofa, hawaye na zuba. Ta yi ta sa masa albarka da Hausa, shi yana ta gyaɗa kai da Sabiyanci. Da ya tafi sai ta zauna bakin gado da zanen a cinya, dariyar ta ɗauke. Na gane abin da ya faru tun kafin ta yi magana. Yanzu akwai mai rai a ciki.

"Iya, in ce ya goge ta? Minti biyar zai shafe ta da shuɗi."

"A goge ta?" Ta harare ni. "Baiwar Allah da ƙyar ta samu jirgi, sai mu nutsar da ita? Kuma mutum ya yi maka abin kirki ka ce masa ya yi kuskure? Ɗauko mini zanen atamfar can."

Da hannunta ta naɗe zanen Mai Fenti a ciki, ta sa na tura shi bayan kabad. Bango ya koma fari fat, sai ƙusa. Abu ɗaya da take kallo ta ga nesa ke nan, kuma ita da kanta ta rufe shi. Na ji haushinta a ranar, na ji haushin Mai Fenti, ban ma san wa zan fi jin haushi ba.

Bayan kamar mako biyu, wata Magariba, ta kira mu gindin ƙarfen nan ta ce yau Tasalla ta samu kwale-kwale. Wani masunci ne ya ɓata hanya ya biyo ta dutsen, ya ce zai ɗauke ta, amma da sharaɗi: wanda ya bar dutsen nan ba ya sake ganinsa. Tasalla ta sa ƙafa ɗaya a jirgi, tana jiyo ƙamshin daddawar garinsu daga nesa. Sai 'ya'yan Sarkin Ruwa biyu, waɗanda ta yi wa wanka ta goya, suka fito suka kama bakin zanenta.

A nan Iya ta tsayar da tatsuniya. Ba ta saba tambayarmu ba, amma ran nan ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"To, ku ne alƙalai. Ta shiga ko ta fasa?"

"Ta fasa!" Ni na fara ɗaga murya. "Wa zai yi musu abinci? Wa zai yi musu tatsuniya?"

Sanusi ya kama, yana tsalle a kan bargo: "Stay! Ta zauna!"

"Ko da danginta na can suna jira?"

"Ai sun saba," na ce.

Ta gyaɗa kai a hankali, ta gyara wa Sanusi wuyan riga. "Shi ke nan, ta cire ƙafarta, masunci ya tafi. Ƙurunƙus, kan ɓera ya fi na kowa daɗi, ku tashi mu yi salla." Muka yi ta murna mun ci shari'a.

Iya ta ƙara shekara uku a wannan ɗaki. A asibiti ta rasu, aka binne ta a wata maƙabarta a New Jersey, wurin da ba ta taɓa jin sunansa ba. Mai Fenti ya bi mu har can, ya tsaya nesa da hularsa a hannu.

Na girma ina ɗaukar tatsuniyar Tasalla a matsayin darasin haƙuri, har ina ba wa ƙawayena labarinta ina alfahari. Sai da na haifi 'yata ta fari, na ce wa Baba ina so a nema wa surukata biza ta zo ta yi mana wata shida, sannan ya ajiye kofin shayinsa ya dube ni. Ya ce a hunturun da Tasalla ta samu kwale-kwale, wani abokinsa da matarsa za su koma Kano gaba ɗaya, sun yarda su tafi da Iya. Har ya tanadi tikiti, don kunyar riƙe ta ta ishe shi. Ya same ta ya faɗa mata, ta ce ya ba ta kwana uku ta yi shawara.

"Na ce, Iya, da wa za ki yi shawara a garin nan? Ta ce da masu abin. Ran na uku ta ce mini an yanke, ba za ta ba," in ji Baba.

Shekara tara gare ni a lokacin, na sani, kuma na san Iya ba za ta so in ɗora wa kaina ba. Amma har yau abin yana ci mini rai. Ta san amsar da yara za su bayar, ta kuma tambaya, wataƙila tana fatan ɗayanmu zai ce a bar baiwar Allah ta je gida. Ba a nema wa surukata biza ba. Na ɗauki 'yata na kai mata ita har Kano, ta gan ta a tsakar gidanta, muka yi mako uku muka dawo.