Kwalekwalen da Na Tarar a Ƙarƙashin Ruwa

Ƙanƙara

Yanzu ba mai sammako a hanyarmu, saboda 'yan bindiga. Na yi sallar asuba, na zauna a tasha har rana ta fito, motoci suka taru, sannan muka ɗau hanyar Sheme a jere. Kwalekwale ne ya fitar da ni. Mijin ƙanwata Hajara masunci ne a dam ɗin Mairuwa, ya rasu bara, ya bar mata yara uku da jirgin nan. Ta dawo gida, tana son injin markaɗe ta riƙe marayunta, kuɗin injin kuwa sai dai daga jirgin.

Ni dillalin babura ne. A sana'ata, abu na fita daga shago ya fara zubar da daraja, in ya tsufa kuma sai 'yan gwangwan. To, ina ga jirgin katako da ya shekara ba a taɓa shi ba? Tun a mota na yanke masa farashin itacen girki, ina ta juya yadda zan gaya mata.

Mairuwa

Na sauka kafin azahar. Baba Isiya, abokin sana'ar marigayin, ya ba ni fura, sannan muka gangara bakin ruwa. Jirage na ɗaure a jere.

"Baba, wanne ne namu?"

Ya nuna ruwa. "Ga shi nan, shina ƙasa."

Na leƙa. A nutse yake, an ma danne shi da duwatsu. Raina ya ɓaci.

"Haba Baba! Ko rumfa ba a yi mashi ba?"

Ya yi dariya har da tari. "Rumfa? Halan babur ne? Katako in ya sha rana tsagewa yakai. Ruwan nan shi ke riƙe da shi."

Masunta suka taya mu jawo shi, aka kwashe ruwan da ƙwarya, sai ga shi yana yawo abinsa. Baba ya ce akwai mai fito a Damari, Malam Garba, wanda ambaliya ta tafi da jirginsa, ga damina ta ƙarato. Na kwana a zauren Baba bayan tuwon dawa da miyar kifi.

Funtuwa zuwa Sabuwa

Da hantsi muka ɗora shi a a-kori-kura, aka lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna. Kuɗin motar sai da ya sa na yi salati. Duk inda muka tsaya, a Funtuwa da Dandume, sai na hau da jarka na yayyafa masa ruwa. Direba ya ce ko ragon layya bai ga ana lallaɓawa haka ba.

A wani shinge jami'i ya ɗaga buhu. "Jirgi a kan mota? Ina tekun?"

"Yana gaba, ranka ya daɗe," in ji direba. Ya yi dariya, ya ɗaga mana hannu.

Damari

Malam Garba bai tambayi shekarun jirgin ba, ni kuwa shi zan fara tambaya. Ya sa aka tura shi gulbi, aka loda buhunan masara, ya shiga ya zauna yana kallon ƙasan jirgin. Ya daɗe a haka. Ni ina bakin gaɓa, ba abin da nake gani sai fuskar Hajara.

Ya shafa wani faci a gefe. "Wa ya yi wanga?"

"Mai shi, Allah ya jiƙansa."

"Amin. Sabo ban san halinshi ba. Wanga kuwa ruwa ya riga ya gwada shi."

Daga nan aka shigo fagena. Muka ja ciniki har la'asar, na sallama a kan abin da zai sayi injin, ya kuma biya motar.

Gida

Washegari na iso Ƙanƙara. Hajara na bakin ƙofa. Na fara ba ta labarin yadda na tarar da jirgin a nutse, sai ta katse ni.

"Ni na ce a nutsar da shi, Yaya. Haka marigayin yake yi duk rani."

Na ɗauka kuɗi za ta tambaya. Sai ta ce, "Da aka saka shi a ruwa, ya yi yoyo?"

"Ko ɗigo."

Ta sunkuyar da kai, ta goge ido da gefen mayafi. "Facin nan tare muka yi shi. Ni na narka mashi kwaltar."

Na gode Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Baba Isiya da ya riƙe amana. Injin ya zo, yana bayan ɗakina. Kullum ƙararsa ke hana ni barcin safe, kuma har yau ban yi ƙorafi ba.