Yadda Fulogi Ya Toshe Yoyon Ɗansa

A gidan hayarmu ƙofata da ta Fulogi suna kallon juna, ko atishawa ya yi sai na ji. Gyaran janareta yake yi a wata rumfa a bakin layi. Sunan kuwa ya samo shi ne saboda duk injin da aka kawo masa, kafin mai shi ya rufe baki zai ce, "Fulogi ne," wato ɗan abin nan da ke ba inji wuta. Dogo ne siriri, in ya sa riga sai ka rantse shanya aka yi a kan sanda. Yana saurayi ya nemi aikin 'yan kwana-kwana, aka ɗora shi a sikeli, mai awon ya ce, "To hau mana." Alhali yana kai. Ya ba ni labarin nan sau ɗaya yana huci, ni kuma na ba duk gidan.

Shi a wurinsa komai inji ne. Matarsa ta ce kanta na ciwo, sai ya ce ta yi zafi, a bar ta ta huce. Jariri ya yi kuka, ya ce iska ce ta shiga bututu.

Babban ɗansa muna kiransa Zomo. Ramar uban ya ɗauko kaf, amma Allah ya ba shi ƙafa. In aka aike shi kanti, kafin uwar ta tuna abin da ta manta ya dawo. Bokitan da muke jerawa a bakin famfo tsallake su yake yi, ya bar mu da zagi. A fili kuwa in ya ɗauki ƙwallo, sai dai a bi shi da ido.

Ana shirin dogon hutu malamin wasanninsu ya biyo ta rumfa. Ya ce wata ƙungiyar yara za ta zo zaɓen 'yan wasa in an koma makaranta, kuma duk wanda suka ɗauka su za su riƙe karatunsa. Ya dafa kan Zomo ya ce, "Gudu kam akwai. Da zai ɗan ƙara jiki, da magana ta ƙare."

Malam ya faɗa ya wuce abinsa, bai san ya taka tsohon miki ba.

Washegari Fulogi ya dawo daga kemis da wata kwalba cike da ƙwayoyi rawaya masu laushi, kamar ƙwan ƙadangare. Man kifi ne. Mai kemis ta ce masa guda ɗaya kullum tare da abinci, ƙari ne kawai, yaro ya ci gaba da wasansa. Duk wannan bayani kalma ɗaya ce ta shiga kunnen Fulogi: mai. An zo fagensa.

Kwanakin farko lafiya lau. Sai wata rana da yamma Zomo ya dawo daga fili sharkaf da gumi, ya tsaya kusa da ni a bakin famfo ya yi gyatsa. Ƙarni ya buge ni. Na toshe hanci na ɗaga murya: "Maƙwabci, fito! Injin naka yana yoyo!"

Matan gida suka kwashe da dariya. Fulogi bai yi ba. Ya fito ya kamo yaron, ya shinshina wuyansa, ya shinshina rigar, ya dangwali gumin goshinsa ya murza a yatsu yana dubawa a haske.

"Wallahi gaskiyarki," in ji shi. "Ina zubawa ta sama yana fita ta gefe."

Daga ranar aka kafa doka. Ba gudu, ba rana, ba ƙwallo. Ƙwallon ma ya kai ta rumfa ya kulle a akwatin sifanu. Aka shimfiɗa wa Zomo katifa a gaban fanka, in wuta ta ɗauke a tayar masa da janaretan mutane. Uwar kuma aka ce ta buɗe hannu: burodi da bota, taliya, madara, a ci a kwanta. Ƙwaya ɗaya ta koma biyu, don a cike gurbin abin da ya zube. Kullum in ya dawo daga aiki yana da wani farin tsumma da yake gogawa a hammatar yaron, yadda yake duba man inji. In ya fito a bushe ya ce madalla.

Maman Zomo ta yi ta maza sau ɗaya. Ina jin ta daga ɗakina.

"Baban Zomo, ɗan mutum fa ba inji ba ne. Ka bar shi ya miƙe ƙafa."

"Ke kin taɓa kwance inji?"

"A'a, amma na haifi wannan."

"Shi ya sa ya fito ba nauyi."

Ba ta sake ba.

Abokansa kan zo bakin taga su yi fito. Yana leƙensu ta cikin ƙarafuna. Wata rana uwar ta tafi kasuwa ya sulale, Fulogi ya gan shi daga rumfa yana yanke yara uku a jere. Da bel ɗin inji ya koro shi har gida. Yaro na kuka, uban na tsawa: "Haɗiye shi! Hawayen ma mai ne, ɗan banza!"

Duk ƙarshen mako sai ya kai shi wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa, a sa shi a buhu a rataya a ƙugiyar sikeli, 'yan layi suna kallo. Allurar sikeli na gaba, Fulogi na washe baki. Kuma jiki ya zo, ba ƙarya. Kumatu suka cika, wuya ya shige, ciki ya riga shi fita ƙofa. Ni ce na ce ai yanzu ba a gane wane ne yaron wane ne katifar. Kafin magariba duk layi Katifa ake kiransa. In dai sa suna ne, a bar mini.

Ranar zaɓe na ɗaura gyalena na bi su, irin wannan kallo ba a ba ni labari. Fulogi ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure. Rigar ƙwallon yaron kuwa ta tsaya a saman cibiya. Da malamin wasanni ya hango shi sai usur ya faɗo daga bakinsa. Ɗaya daga cikin masu zaɓen ya ce, "Malam, ina Zomon da ka cika mu da labarinsa?" Malam ya nuna da haɓa.

Aka busa. Aka turo masa ƙwallo irin wadda da ko ido rufe zai kama. Ya taka, zuciya ta tafi, ƙafa ta ƙi bin ta. Wani ɗan ƙaramin yaro da bai kai kafaɗarsa ba ya zo ya ɗauke ta ya wuce. Ya sake yunƙurawa, cinyoyi na gugar juna, bai kai tsakiyar fili ba ya dafa gwiwa yana haki. Fulogi na bakin layi yana ihu: "Ku ba shi lokaci ya ɗau zafi! Sabon mai ne!" Sai yaron ya duƙa ya amayar da karin safe, har da ƙwayoyin. Wanda ke kusa da shi ya yi tsalle gefe yana cewa, "Katifa ta ci kifi!" Fili ya ɗauka. Aka kira sunayen waɗanda aka zaɓa yana nan a durƙushe.

Malamin ya tare uban. "Bawan Allah, me ka yi wa yaron nan?"

"Jiki ka ce. Ga jiki."

Da suka dawo gida Fulogi ya ɗauko ƙwallon daga rumfa ya jefa wa yaron, ya wangale ƙofa. "To je ka yi ta gudun, tunda abin da suke so ke nan." Zomo ya je sau ɗaya. Yaran suka ce ba gurbi, sai dai ya tsaya a madadin dutsen da suke alamar raga da shi, wai ya fi dutsen cika wuri. Bai sake fita ba. Yanzu ƙofa a buɗe take wuni, shi kuwa yana gaban fanka. Ko kanti aka aike shi sai ya jira layi ya yi shiru.

Na tambayi Fulogi a bakin famfo, na ce, "To injiniya, ina matsalar ta fito?"

Ya karkata kai kamar mai sauraron ƙarar inji, sannan ya ce, "Man ba shi da laifi. Yaron ne ba wuta a cikinsa. Fulogi ne, kuma ta wajen uwarsa ya gado."

Sauran ƙwayoyin bai zubar ba. Akwai ƙanwar yaron, wata 'yar siririya da ke wuni tana tsallen igiya a tsakar gida. Shekaranjiya na ga uwar ta jawo wata katifar kusa da ta wan. Igiyar kuwa na gan ta jiya a rumfa, Fulogi ya naɗa ta a janaretan mai aski, ja ɗaya ya tashi.