Duban Ƙasa a Jingar Kawu

Da aka zo neman mai tura na'urar nan ni aka nuna, don duk unguwarmu ba wanda ya kai ni tura kurar ruwa. Ita ma kamar ƙanwar kura take: tayoyi, akwati a ƙasa, ɗan allo a sama. Kana turawa a hankali tana leƙa cikin jingar da ta tare mana kogi, in da kogo sai ya fito a allon. Injiniyar da ta kawo ta ta ce a gama kafin ruwa ya sauka, don laka na jiƙewa na'urar ta makance.

Mai shela ne ya ɓata mana. An ce ya sanar za a duba jinga, shi kuwa ya zaga gari yana cewa masu duban ƙasa sun iso. Kafin azahar har an fara aiko mana tambayar wanda ya saci akuya.

Kawuna, da gonarsa ke jikin jingar, ya hau kai ya shimfiɗa buzu ya zauna. Ya ce ba a bokanci a gonarsa, ko da lantarki ake yi. Bayan wurin nan kuwa ɗakin mahaifiyata ne, wanda bara ruwa ya kwana a bakin ƙofarsa, har sai da ta ɗora buhun geronta kan gado. Na ce ko shekara za mu yi, ba zan tsallake wurin ba.

Na kai masa goro, ya karɓa, bai motsa ba. Na kai soyayyen kifi, ya cinye har ƙaya, ya gyara zama. Na ce ai na'urar ma ta sauke karatu, ya jefe ni da takalmi.

Rannan na durƙusa na ce, "Kawu, da aka yi wa iyalinka hoton ciki a asibiti, boka ne ya hango tagwayen?"

Ya daɗe yana jan carbi. "To jingar ciki gare ta, ɗan banza?"

"Shi muke so mu gani."

Ya ja buzun gefe, iya faɗin taya. Na tura ina tafiyar hawainiya, ko numfashi sai na nemi izini. Can injiniya ta ce in tsaya, ta nuna wasu lanƙwasassun layuka a allon. Da aka haƙa, ramukan gafiya ne, gari guda da lunguna, ɗan acaɓa ma sai ya yi lodi a ciki.

Kawu ya leƙa, ya aika a kawo masa shebur. Muka cika da laka, muka yi ta daɓe har magariba. Daminar nan mahaifiyata ba ta ɗora buhun geronta kan gado ba.