Adakar Saje Mai Begila

Kakata Dada ba ta yin tatsuniya sai hannunta na kan aiki. A ƙauyenmu da ke gefen Auyo, idan ruwan damina ya fara janyewa kifi ya yawaita, da an idar da sallar magariba takan hura wutar banda a tsakar gida, ta jera tarwaɗa a kan waya, mu kuma jikoki mu kewaye ta. Muna cewa labari muka zo ji, amma har da gudun sauro, don hayaƙin nan ne kaɗai yake korar sa. Ni nakan zauna daf da ita saboda kan kifin da take gutsuro mini a ɓoye. Takan ce, “Maigidana, matsa can. Miji sai ci, ba cefane.”

A ɗakinta, ƙarƙashin gado, akwai wata baƙar adaka ta ƙarfe, ta kakanmu ce da ake kira Saje Buba. Ban san shi sosai ba, ina ƙarami ya rasu. Abin da na tashi na ji shi ne ya yi soja, shi ne mai busa begila a badujalar barikinsu, kuma ya je bakin daga. Da ya bar aiki ya dawo gida, sai ya tara samari ya koya musu ganga da ƙaho, ya kafa badujalar gari. Su ne masu yi wa ’yan makaranta kiɗan maci a Haɗeja, su ne a filin ƙwallo, su ne a bikin duk wanda yake son a san ya yi biki. An ce har ƙauyukan da ba a gayyace su ba yakan kwashi yaransa su je su yi wasa a dandali, mutane suna ta mamakin wannan son yawo na tsoho.

Cikin adakar akwai begilar, da hotuna, da kaset-kaset, da tarin takardun kiɗa da ya rubuta da hannunsa, layi biyar-biyar da ɗige-ɗige kamar kashin ɓera. Sau ɗaya a shekara, bayan damina, Dada takan fito da su ta shanya a kan tabarma, ta zauna da sanda tana gadi. A bayan wasu takardun akwai rubutun tawada da baƙaƙen Larabci. Wannan ne ba a kallo. Yaron da ya kai hannu zai sha sanda, kuma da yamma zai ji dalili, don a ranar shanya tatsuniya ɗaya ce tak.

Takan fara da cewa, “Ga wata nan tafe, amma ba ta dariya ba ce.” Mu ce ta ƙaraso. Ba ta taɓa faɗin sunan mijinta ba, ko a labari, sai dai ta ce wani mutum.

Wai an yi wani mutum mai busa a gidan soja. Idan aka kashe soja a bakin daga, nan ake binne shi, mutumin kuma ya tsaya a kan kabarin ya yi wata busa mai ja, ta sallama. Ya yi ta har ya daina ƙirgawa. Da ya dawo garinsu a bakin kogi ya rantse ya bar wannan busar, sai na maci da na biki.

Wata shekara ruwa ya cika ya shafe hanyoyi, doguwar ciyawar kacala ta toshe ko’ina, masu kwalekwale suna shiga cikinta su rasa gabas da yamma. Sai mai unguwa ya roƙe shi ya riƙa hawa tudu idan rana ta kusa faɗuwa yana busa, waɗanda suka ɓata su bi sautin su fito. Haka aka yi ta yi. Ran nan hadari ya haɗo, kowa ya dawo, saura kwalekwale ɗaya. Mutumin ya busa duk abin da ya sani, shiru. Leɓensa ya gaji, hankalinsa ya tafi wani wuri, bai ankara ba sai ya ji bakinsa ya kama waccan busar da kansa.

A nan Dada takan dakata ta juya kifi, ɗaya bayan ɗaya, ba ta sauri. Ina jin haushin wannan juyin har yau.

“Sai kwaɗi suka yi tsit,” in ji ta. “Kun taɓa jin fadama ba kukan kwaɗo? Kada Allah ya sa ku ji.”

Kwalekwalen da ake jira ya fito daga kacala, masunta biyu a ciki, suka yi tsalle suka ruga gida ba su ko waiwaya ba. A bayansa kuma sai ga wani, sai ga wani. Ba mai tuƙi, ba ƙarar filafili a ruwa. Mutane ne zaune a miƙe, da hulunan soja, ruwa na ɗiga daga rigunansu. Suka sauka suka yi layi a gabansa, laka ba ta nuna sawun kowa ba. Ya dube su, ya gane su duka.

Na gaban ya ce, “Saje, kai ka sallame mu, amma a gida ba a sani ba. Uwata har yanzu tana rage mini tuwo.”

Mutumin ya juya ya nufi gida, suka bi shi a jere. Ya shiga zaure ya kunna aci-balbal, suka tsaya a ƙofa. Bai sami takarda ba sai ta kiɗansa, ya kifa ta ya kama rubutu. Duk takardar da ya gama, sai mutum ɗaya ya fita daga layi ya koma wajen ruwa, har ƙofar ta zama ba kowa.

Wata ƙanwata ta taɓa tambaya, “Dada, me ya rubuta?”

Ta ce, “Abin da ya ɗaure su. Ni na yi karatu ne da zan sani? Abin da na sani, ranar da takardun nan suka jiƙe, ko gara ta ci su, layin nan zai dawo ƙofar gidan nan. Nan ta tsaya, ni ma na tsaya. A tashi a wanke hannu.”

Wanke hannun a bakin randa ne, randar kuma tana kusa da zaure. Mu shida muke tafiya a dunƙule, kowa na riƙe da rigar wani.

Na girma, na yi karatu, na koyar a makarantun Haɗeja har na yi furfura. Idan aka zo maganar fatalwa a ɗakin malamai ni ne mai dariya da ƙarfi. Amma da Dada ta rasu aka ce adaka tawa ce, sai na bar ta a ƙauye a ɗakin da take, na ce ai can ta saba. Shanyar ma na yi ta shekara biyu ko uku, ina shimfiɗa takardun ta yadda ba zan ga bayansu ba, daga nan na bari. Gaskiyar magana tsoro nake ji, da gemuna da komai.

Daminar bara ruwa ya shiga ƙauyen. Kafin wani ɗan’uwana da ke can ya sa adakar a kwalekwale ya kai ta tudu, ya ɗaura a babur ya kawo mini, ruwa ya riga ya shiga ta ƙasa. Da na buɗe sai na ga takardun ƙasan sun jiƙe sun manne. A makon nan ko ƙofa aka ƙwanƙwasa bayan magariba sai na tambayi ko wane ne sau biyu.

Ba a daɗe ba wata malama daga jami’a, Malama Hafsatu, ta zo gari tana tattara tarihin masu badujala na dā, aka kwatanta mata gidana. Kwana uku tana aiki a zaurena. Ta ɗauki hoton kowace takarda, ta juye kaset-kaset a kwamfuta, ta rubuta sunayen waɗanda na iya ganewa a hotuna. Ta ce ba ta taɓa samun mai busa da ya bar kayansa a tsare haka ba, har kiɗan gangi na gargajiya ya mayar na maci ya rubuta. Na ji daɗi ƙwarai. A rana ta uku ta kifa wata takarda, ta ɗaga kyamara.

Na ce, “Malama, bar wannan. Addu’o’in tsari ne, ba na jami’a ba ne.”

Ta ajiye kyamarar, amma idonta na kan takardar. Can ta ce, “Baba, ka yi haƙuri, wannan ba addu’a ba ce. Hausa ce da ajami. Ko in karanta?”

Ni ma na iya ajami, tun a makarantar allo. Sama da shekara arba’in takardun nan suna gabana. Na karɓa na karanta da kaina. Sunan mutum ne, da sunan mahaifinsa, da garinsu, da wurin da aka binne shi, sannan: an yi masa wanka, an yi masa salla, na yi masa busa. A ƙasa, da wata tawada dabam, an rubuta: na kai.

Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani mutumin garin Malam Madori, na kai. Wani daga can wajen Gumel, na kai. Sai a lokacin na gane yawon da tsoho yake yi da yaransa zuwa ƙauyukan da ba a kira su ba. Idan aka taru kallon badujala a dandali, nan yake samun wanda zai tambaya gidan su wane. Takardu uku ne kawai ba su da wannan kalmar a ƙasa. Biyu suna cikin waɗanda ruwa ya taɓa, tawadar ta narke ta zama shuɗin tabo, ko harafi ɗaya ba ya fita, wurin “na kai” kuwa fari fat, ba ko tabo. Ta ukun tana karantuwa: Isa ɗan Garba, mutumin Kaugama.

Na je Kaugama ranar kasuwa. Sai da na yi tambaya wajen tsofaffi huɗu kafin aka ce iyalin sun daɗe da komawa wata ruga a bayan gari, wataƙila shi ya sa Saje bai same su ba. A can na tarar da ƙanwarsa, Iya Mairo, tsohuwa tukuf, idonta ya fara hazo. Na gaishe ta, na faɗi ko ni jikan wane ne, na karanta mata takardar.

Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, “Innarmu har ta rasu ba ta yarda an yi mata ta’aziyya ba. Cewa take wa ya gani? Ɗana, sake karanta mini wajen sallar.”

Na sake karantawa.

Ta ce, “To, alhamdu lillahi.” Ta kira wata jikarta ta ce a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a gaya wa maƙwabta an yi mata rasuwa. Ni ne na fara yi mata gaisuwa, na ce Allah ya jiƙan Isa, ta amsa kamar jiya abin ya faru. Na zauna a wajen har la’asar, mutane suna ta zuwa.

Tun daga ranar nake juya maganar Dada a raina. Wani lokaci ina jin haushinta, don da ba ta cika mu da tsoro ba da tuni wani cikinmu ya karanta. Wani lokaci kuma in ga ba ta da laifi. Mace ce da ba ta yi karatu ba, ta ga mijinta yana rubutu yana kuka, bai gaya mata komai ba, ta gane dai abin yana da nauyi, ta tsare shi da abin da take da shi, wato sanda da tatsuniya. Ba don ita ba da mun yi jirgin takarda da su tun muna yara. Ko ta ga layin nan da idonta, ko ita ta ƙirƙira, ban sani ba, kuma ban ƙara yi wa maganar dariya ba.

Nata aikin ta yi shi har ta mutu, takarda ko ɗaya ba ta jiƙe a hannunta ba. A hannuna suka jiƙe. Malama Hafsatu ta tafi da hoton waɗannan biyun, ta ce za ta gwada wata na’ura ko rubutun zai fito, daga baya ta bugo waya ta ce bai fito ba. Kayan Saje yanzu suna ajiye a jami’a, gaba da baya, duk mai so zai gani. Amma akwai gida biyu, ban san a wane gari ba, da har yau ba a shimfiɗa musu tabarma ba, kuma ni ne na kasa kifa takarda in duba tun tana karantuwa.